Ƙanena ba ya iya shafa allon waya

Yayar mara lafiya:
Assalamu alaikum. Shanyewar ɓarin jiki ta kama ƙanena, yatsunsa sun daina shafa waya. Na kunna masa Switch Access a Android (tsarin da haske ke bin abubuwan da ke kan allo ɗaya bayan ɗaya, mutum ya danna maɓalli ya zaɓa) da maɓalli ɗaya, amma hasken yana wuce abin da yake so kafin ya danna. Jiya har da hawaye. Ya zan yi?

Mai gyaran waya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Shiga saitin ki ƙara lokacin zagayen zuwa daƙiƙa 3. Ko ki haɗa maɓalli biyu, ɗaya na matsawa gaba, ɗaya na zaɓa, ba mai gaggauta shi.

Malama:
In hannun na rawa, kamarar wayar ma tana yin aikin maɓalli, ya ɗaga gira ko ya buɗe baki. Sai dai tana shan caji.

Yayar mara lafiya:
Allah ya saka. Daƙiƙa 3 ta yi, ɗazu ya kira Umma da kansa.