Fawa bank mai jure zafin rumfar kwano

Rabi'u Mabera: Salamu alaikum jama'a. Ina neman fawa bank ta aikin POS, wadda za ta riƙe na'ura da waya ɗaya tun safe har magariba. Rumfar kwano ce, kun dai san bazara. An nuna min wata mai 50,000mAh da ɗan sola a bayanta. In ɗauka?

Malam Bello: Wa alaikumus salam. Ɗaga ta ka ji nauyinta tukuna. In ba ta kusa kilo ɗaya ba, ƙarya anka rubuta.

Injiniya Sani: Rabi'u, ajiye ta ka saurara. Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali ta batirin ciki ce, kuma a kan 3.7V ake lissafinta. Ka ninka ka ga gaskiya: 20,000mAh sau 3.7, a raba da 1,000, ya ba ka 74Wh (Wh shi ne ma'aunin ainihin wutar da ke ciki), 10,000 kuma 37Wh. Kafin wutar ta fita ta bakin USB sai an ɗaga ta zuwa 5V ko 9V, a nan wani kaso ke tafiya a zafi, a cikin wayar ma wani ya sake tafiya. Wayar da ke da batir 5,000mAh tana cin kusan 19Wh kafin ta cika. Ke nan 20,000 ta gaskiya za ta cika ta sau biyu da rabi zuwa uku, ba sau huɗu da mai shago zai rantse maka ba. Kamfanonin kirki suna rubuta lamba ta biyu da ƙananan baƙaƙe a gindin na'urar, wajen 12,000 zuwa 13,000mAh a kan 5V. Wannan za ka nema. In babu ita, kuma babu Wh ko'ina a jiki, mayar masa da kayansa.

Maganar nauyi da Malam ya yi haka take. Ƙwayar batir irin 18650 nauyinta giram 45 da 'yan kai, kuma mafi kyawunta ba ta wuce 3,500mAh. Shida ake jerawa a samu 20,000, shi ya sa ta gaskiya takan kai giram 350 zuwa 450. Mai 50,000 tana buƙatar kamar goma sha biyar. In ka ga wadda ke shiga aljihun riga ana kiran ta 50,000, ƙwaya biyu ko uku ce a ciki. Wasu ma har da ƙwayoyin bogi da aka ɗura wa yashi don hannu ya ji nauyi, saboda haka sikeli kaɗai ba ya wanke ta. A haɗa da mitar USB, 'yar ƙarama ce da ake sawa tsakanin fawa bank da waya. Ka cika ta, ka yi ta cajin wayoyi har ta mutu, ka karanta Wh da mitar ta tara. Mai 74Wh ta ba da 55 zuwa 63, lafiya lau. Ta ba da 25, an cuce ka.

Aikinka kuwa, batirin POS mai Android bai fi na waya da wani abin kirki ba. 20,000 ɗaya ta ishe ka yini.

Nasiru Mai Gyara: Solar nan ta baya kuma kwalliya ce. Wat ɗaya take bayarwa, in ta yi ƙoƙari ɗaya da rabi. Raba 74 da 1, awa saba'in da wani abu ke nan na rana tsaka. Mako biyu kana shanya kamar kuɓewa.

Usman Bakano: Ku zo kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kawai ku huta da lissafi.

Malam Bello: Kai Bakano, mi ag gamin Farm Centre da rumfar Mabera? Kuɗin mota ka biya mai?

Usman Bakano: Ai ko kayan da ke shagunanku daga wajenmu suke sauka, Malam.

Nasiru Mai Gyara: Ku bari in ƙarasa, don shanyawar ita ce babbar ɓarnar. Batirin lithium ba a son a yi masa caji in zafin jikinsa ya haura digiri 45. Apple ma cewa ta yi a riƙa amfani da iPhone a wurin da bai wuce 35 ba. Mu kuwa Afrilu da Mayu inuwa kanta tana haura 40, ƙarƙashin kwano ya fi haka, baƙar roba a rana kuma ba a magana. Abin da ke biyo baya: ruwan cikin batirin ya fara lalacewa, iska ta taru, jakar ta kumbura, murfi ya ɗage. Galibin masu kumburin da ake kawowa gyara, ko dai an bar su gaban gilashin mota, ko an kwana ana caji ƙarƙashin matashi, ko ana cajin su suna kuma cajin waya lokaci guda. Wannan na ukun masu POS sun fi kowa yi, kuma zafi biyu ne ke haɗuwa wuri ɗaya.

Ajiye ta ƙasa kan siminti ko kusa da randa, ba cikin durowar da rana ke duka ba. Cire rigar robar waya lokacin caji. Kada a sa a firij don ta huce, raɓa ke taruwa a kan allon ciki ta ci shi. Wadda ta riga ta kumbura kuma ta gama aiki: kada a huda da allura wai a fitar da iska, wuta ke tashi nan take. A sa ta cikin gwangwani mai yashi a waje, nesa da fetur da yara.

Hajiya Luba: Nasiru, Allah shi yi albarka. Tunda ana maganar, wacce ake bari a shiga jirgi da ita? Umra nike nufi.

Injiniya Sani: Hajiya, ƙa'idar ita ce har 100Wh ba sai an nemi izini ba, wato kusan 27,000mAh. Daga 100 zuwa 160 sai kamfanin jirgin ya yarda. Sama da 160 ba ta shiga, kin ga mai 50,000 ta gaskiya 185Wh ce, a filin jirgi za a bar ta. A jakar hannu ake sawa, ba a akwatin da za a auna ba. Rubutun jikinta kuma ya kasance ana iya karantawa, in ya goge suna iya karɓewa. Ki tambayi kamfanin kafin ranar, wasu sun hana amfani da ita a cikin jirgi ko da sun bari an shiga da ita.

Hajiya Luba: To 20,000 ta wadatar. Na gode.

Abdul Arkilla: Anker kawai. An gama magana.

Nasiru Mai Gyara: Anker na da kyau, amma a duba lamba. A watan Yunin 2025 kamfanin da kansa ya janye PowerCore 10000 mai lamba A1263, sama da miliyan ɗaya a Amurka, saboda haɗarin kama wuta. Irin waɗannan ne ke iya biyo kayan kwantena. Lambar tana gindi. A Yunin 2025 ɗin ne kuma ƙasar Sin ta hana shiga jiragenta na cikin gida da fawa bank marar tambarin CCC, shaidar ingancin kaya ta ƙasar. Sunan Anker ma ana kwaikwayonsa sosai, a kankare sitikar kwali a gwada lambar a shafin kamfanin kafin a biya.

Abdul Arkilla: Ai masu Tecno ba su san wannan ba, su dai a ba su mai fitila.

Malam Bello: Mai iPhone da ba ya kai azahar shi ka yi muna gori? Kullum kuna bin bango kuna neman soket.

Abdul Arkilla: Tun daga iPhone 15 mun koma USB-C, Malam, yanzu igiyarmu ɗaya da ku.

Malam Bello: Tarayyar Turai ta tilasta maku, ba don Allah kunka yi ba.

Injiniya Sani: Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma a garin nan ya fi girman batir muhimmanci: awa nawa take ɗauka kafin ita kanta ta cika. Ta bakin Micro-USB da caja mai wat 10, 20,000 tana cin awa takwas zuwa tara. Ta bakin USB-C da caja mai PD (tsarin saurin caji) wat 18 ko 20, wajen awa biyar. In wutar dare ta awa huɗu ce, ka ga bambanci. Saboda haka a karanta layin shigar wuta a jikinta, a ga an rubuta 9V 2A ko sama. Kan caja da igiya su ma sai sun dace. Igiya mai siririyar waya a ciki tana zubar da wuta a hanya, alamarta kan ya yi zafi, caji na ta yankewa. Ta mita ɗaya mai ɗaukar 3A ta isa har wat 60. Sama da haka sai mai 5A da ke da ɗan guntun lantarki a kanta.

Kada kuma a yi tsammanin saurin cajar gida. Samsung ba ya ba da wat 25 ɗinsa sai fawa bank ɗin na da PPS, wani nau'in saurin caji na PD. Infinix da Tecno masu babban wat yawanci da cajarsu da igiyarsu kaɗai suke kaiwa can, a fawa bank sai su sauko.

Usman Bakano: Oraimo fa? Ai gidansu ɗaya da Tecno da Infinix da itel, duk Transsion ne.

Nasiru Mai Gyara: Gida ɗaya ne. Amfaninta samun canji ya fi sauƙi in akwai rasit da kwali. A ce mai shago ya rubuta lambar jikin na'urar a kan rasit, ba "fawa bank 1" kawai ba.

Zainab Gawon Nama: Ni tambayata rawuta ce, na'urar Wi-Fi, mai 12V. Tana aiki da fawa bank?

Injiniya Sani: Tana yi, da igiyar da ke ɗaga 5V zuwa 12V, ko igiyar PD mai jawo 12V kai tsaye in fawa bank ɗin na fitar da shi, don ba duka ke yi ba. Duba bayan rawutar: in 12V 1A ce, za ta yi. Bakin yawanci milimita 5.5 da 2.1 ne, amma ki tafi da tsohuwar cajar a gwada. Kada a sa 12V a rawuta mai 9V, tana iya ƙonewa.

Malam Bello: Wanda ke son sola da gaske shi sayi faranti daban, mai wat 20 ko 30 da bakin USB. Faranti bisa kwano, igiya ta sauko, fawa bank na inuwa. A riƙa share ƙura kullum da hunturu, in ba haka ba wutar ta ragu.

Nasiru Mai Gyara: Igiyar kada ta wuce mita biyu ko uku, 5V ba ta son doguwar tafiya.

Rabi'u Mabera: Jama'a na gode, amma har yanzu ba a ce min ga wadda zan saya ba.

Abdul Arkilla: Anker.

Usman Bakano: Oraimo.

Nasiru Mai Gyara: Ɗauko hoton gindin kowace da ka gani a shago, inda ƙananan rubutun suke, ka turo nan kafin ka ba da kuɗi. Mita tana wajena in kana son gwaji, bayan la'asar.