Parbiriz ɗin Hiace ɗina ya sake tsagewa, ku ba ni shawara

Direban Tanut: Assalamu alaikum ƴan zaure. Dan Allah ku taimaka, parbiriz ɗina, wato gilashin gaban mota, ya sake tsagewa, na biyu ke nan tun bayan salla. Wata tirela ce ta harbo mini tsakuwa a hanyar Tanut, ɗan tabo kamar ƙwayar gero na ce ba komi, shekaranjiya da azahar yaron mota ya watsa mishi ruwan randa sai ga layi ya tafi har gefen fasinja. A canja ko akwai mai gyara?

Makanike Sabon Gari: Wa alaikumus salam maigida. Ruwan nan ne ya ƙarasa shi, gilashi ya sha ranar Damagaram tun safe a zuba mishi sanyi ai dole ya buɗe. Parbiriz gilashi biyu ne da leda a tsakani shi ya sa ba ya zubewa. Tabon da bai wuce tsabar dala ashirin ba ana ɗura mishi rezin, wato ruwan gam na gyaran gilashi, ya tsaya, amma tunda ya ja layi sai canji.

Baban Hadiza: Allah ya kiyaye gaba. In tsakuwa ta same ka a hanya ka manna sikoc a wurin nan take kada ƙura ta shiga, in ta shiga rezin ba ya kamawa da kyau.

Alhaji mai Sprinter: Ni fa ba tsakuwar nake zargi ba, sau biyu a wata nawa? Ka sa a duba bakin ƙarfen in an cire gilashin. Tawa haka ta yi ta ci mini kuɗi, ashe tsatsa ce ta kumbura a ƙasa tana danna gilashin, wanda ya sa mini na farko da silikon na gini ya manna, ruwan damina yana shiga har kan tablo. Sai da aka kankare tsatsar aka yi fenti aka sa kol na parbiriz baƙin nan sannan na huta. Kuma ku masu lodi a sama ku ji tsoron Allah, buhunan da kuke ɗorawa a hanyar Agadas murɗa jikin motar suke.

Direban Tanut: Alhaji ka taɓo ni 😅 to ina zan samu mai kyau?

Makanike Sabon Gari: Ƙofar Ruwa a Kano, ko ka ba masu bin hanyar Matamai saƙo. Ka ba su shekarar motar don ƙirar 2004 zuwa sama daban take da tsohuwa, a duba kusurwa a ga tambarin E cikin da'ira da 43R, shi ne shaidar ingancin gilashin. A tsaye ake ɗauko shi, kada a kwantar.

Ɗan Mirya: Nawa kuma tagogin gefe ne masu ja, sai ƙara kaf-kaf, ƙura har cikin hancin fasinja.

Makanike Sabon Gari: Kawucun ne, wato robar bakin tagar, ya bushe ƙanena, canja shi da makullin. Kada ka tura ƙarfe ko tsinke don ya daina ƙara, na gefe ba leda a cikinsu, rugujewa suke kamar gishiri.

Direban Tanut: Na gode ƙwarai. Wa zai shiga Kano ran Alhamis?

Baban Hadiza: Ni, sai dai ka kawo tsofaffin barguna biyu na naɗewa.