Neman shawara: wayar batir tana zafi, inbata kuma sai kuka cikin dare

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin wuta ku taimaka min, wallahi hankalina a tashe yake. Ina sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya a cikin gida. Da can da janareta nake yi, to tunda aka cire tallafin mai a 2023 fetur ya cinye ribar kaf, har na ajiye sana'ar. Da na kwashi adashi bara, maigida ya ce in sayi keken ɗinki, surukata ta ce tumaki, ni kuma na kafe sai sola. Kuɗin bai kai ba, na haɗa da ɗan kunnena na zinare na sayar, kuma bai san da wannan ba sai daga baya. Rigimar da aka yi sai da yayata ta shiga tsakani. Shi ya sa yanzu ba na iya buɗe baki in ce masa abin ya sami matsala, na san amsar da zan samu.

Da farko lafiya lau. Sai batir ya daina kai wa asuba, na ƙaro sabo aka haɗa da tsohon. Tun daga nan abin ya ƙara lalacewa. Wajen ƙarfe biyun dare inbata zai fara kuka ya mutu, da safe in tarar ƙanƙara ta zama ruwa. Wayar batir kuma zafi take yi, jiya har ƙaurin roba na ji. Inbatan ne ya lalace ko jabun batir aka sayar min? Ko in ƙaro na uku?

Ummu Sultan:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita 'yar uwa. Jabu ne wallahi. Ni ma haka aka yi min, mai shagon ya rantse da Allah sabo ne dal, ashe tsoho aka wanke aka manna masa takarda. Da na koma sai ya ce wai ni na kashe shi. Har yau ban yafe ba.

Oga Mai Wayarin:
Hajiya, kafin komai, ki kashe inbatan nan yanzu. Wayar da ta kai ga ƙauri ba ta jiran shawarar mutane. Sannan ki ba mu amsa: inbatan bolt nawa ne, 12 ko 24? Batiran nawa-nawa aka rubuta a jikinsu? Fanel nawa? Kaurin wayar fa? Me da me kike kunnawa? Kin ba mu labarin adashi da ɗan kunne, abin da zai sa a gane ciwon kuma ba ki faɗa ba.

Maman Hanifa:
Oga, a jikin inbatan an rubuta 1.5kVA da 12V. Tsohon batir 200Ah, sabon 220Ah, duka masu ruwa ne. Fanel biyu, kowane wat 300. Firiza ɗaya ce sai fanka biyu da ƙwayaye. Kashewa kam ba zan iya ba yau, akwai odar zoɓo na suna jibi.

Baban Khalifa:
Matsalar a haɗin take. Ki sa a haɗa miki su siris, wato kan ja na wannan ya shiga kan baƙi na wancan, ƙarfin zai ninka ya zama 24. Nawa haka yake, shekara biyu ko tari bai taɓa yi ba.

Oga Mai Wayarin:
Baban Khalifa, ka ji tsoron Allah. Naka inbatan na bolt 24 ne shi ya sa. Nata na 12 ne, ta ba shi 24 a take zai ƙone. Hajiya kada ki bari kowa ya taɓa miki haɗin nan da wannan shawara.

Bari in yi bayani yadda kowa zai gane. Ki ɗauka tankin ruwa ne a sama. Bolt shi ne ƙarfin da ke turo ruwan, ampiya yawan ruwan da ke bi ta cikin bututu, kaurin waya kuma faɗin bututun. Wat shi ne aikin da ake samu, kuma lissafinsa bolt sau ampiya. In aka haɗa batir biyu siris, bolt ne ke taruwa, 12 da 12 su ba da 24, Ah ɗin, wato ma'aunin cajin da batir ke iya riƙewa, yana nan yadda yake. In aka haɗa su faralel, ja da ja, baƙi da baƙi, bolt yana nan a 12, Ah ne ke taruwa. Wutar da ke ajiye a ciki duk ɗaya ce, babu haɗin da ke ƙirƙiro wuta daga babu.

Abin da mutane ba sa lura da shi: kayan da ke cin wat 1000 a soket ɗin gida mai bolt 230, ampiya huɗu da ɗan wani abu kawai yake ja. Wannan wat 1000 ɗin a ɓangaren batir mai bolt 12 ya haura ampiya 80. Shi ya sa wayar batir take da kauri kamar yatsa. Har yanzu ba ki faɗi kaurin taki ba, kuma wa ya yi haɗin?

Maman Hanifa:
Ƙanena ne ya haɗa sabon, kuma ya iya aiki, shi ya yi wayarin shagon abokinsa har yau ba a sami matsala ba. Da aka kawo sabon batirin wurin bai isa ba, sai ya mai da su duka sito, inbatan ya bar shi a falo inda yake. Tsakaninsu bai fi mita biyu ba, bango ne kawai. Wayar asali ba ta kai ba, ya sa ragowar wadda aka yi wa na'urar sanyaya ɗaki aiki da ita, ya ce 4mm ce. Ai in ta ɗauki na'urar sanyi, firiza ba za ta gagare ta ba.

Oga Mai Wayarin:
To ga ɓarawon nan an kama. Na'urar sanyi a bolt 230 take aiki, ampiyar da take ja bai kai goma ba. Wayar 4mm iyakarta wajen ampiya 30. Inbata irin naki in ya ɗauki kaya sosai yana jan 100. Wurin nan 25mm ake sawa, ni 35mm ma nake sawa, kuma a gajarce ta iya gajartawa.

Ɗan Kwaleji:
Oga ya yi daidai, bari in ƙara da lissafi. Dokar Ohm, wadda Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827, ta ce bolt ɗin da ke zubewa a waya shi ne ampiya sau turjiyar wayar. Wuta sai ta je ta dawo kafin da'ira ta cika, don haka mita biyu na Anti mita huɗu ne a lissafi. Jan ƙarfe mai 4mm, mita huɗu, turjiyarsa wajen 0.017 ohm. Lokacin da kwamfuresar firiza za ta tashi tana fizgar wuta ninki da yawa na abin da take ci in ta daidaita. A ce ta fizgi ampiya 70, bolt sama da ɗaya ya zube a hanya. Da tsakar dare batir ya sauko 11.8, inbata zai ga kamar 10.6, shi kuma yawancinsu wajen 10.5 suke yankewa. Kukan da yake yi ke nan. Zafin kuma in ampiya ta ninka biyu, shi sau huɗu yake ninkawa.

Oga Mai Wayarin:
Lissafinka ya yi yaro, amma ka ɗauka jan ƙarfe ne na gaske. Rabin wayar da nake cirewa a gidajen mutane alminiyom ce aka shafa mata ja. Kankare bakinta da wuƙa ka ga fari. Sai dai wani abu bai shige min ba. Firiza in ta daidaita wat 150 ne ko ƙasa, da fankoki duka ba su kai ampiya 30 ba. Wannan zai sa waya ɗumi, ba zai sa ta ƙauri ba. Hajiya, akwai abin da ba ki faɗa mana ba.

Maman Hanifa:
Guga ce kawai ta kayan makarantar yara, ita ma da rana nake yi lokacin da rana take da ƙarfi, ai daga fanel wutar ke zuwa ba daga batir ba. Sai injin markaɗe na kunun aya, minti kaɗan ne. Bireka ɗin nan mai katse wuta da ke tsakanin batir da inbata ya riƙa faɗuwa yana damunmu, ƙanena ya ce mai rauni ne, ya cire ya haɗa kai tsaye kafin mu sayi babba.

Oga Mai Wayarin:
Inna lillahi. Dutsen guga wat 1000 ne zuwa 1200, ampiya 100 ke nan ta cikin wayar da aka yi don 30. Fanel ɗinki duka biyu wat 600 ne a takarda, ragowar daga ina kike zaton yake fitowa? Bireka kuma aikinsa ya yi. Yana faɗuwa ne don waya kada ta kama wuta, ku kuka sallame shi. Yanzu in ja da baƙi suka haɗu babu abin da zai tsayar da su, batir irin wannan yana iya turo ɗaruruwan ampiya a lokaci guda. Ga batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin in yana caji, kun kulle shi a sito. Akwai taga a siton?

Hajiya Mai Atamfa:
Ku dai masu wayarin kun iya faɗa a nan, amma ku ne matsalar. Wanda ya yi min aikin gidana na ba shi kuɗin waya mai kyau ya sa ta banza, soket uku suka narke, na kira shi ya daina ɗauka. In yarinya ta kira ƙanenta ai don ta rasa wanda za ta amince wa ne.

Baban Khalifa:
Ni dai har yanzu ina kan bakata. Ta sayar da inbatan ta sayi na 24, ampiya ta ragu da rabi, magana ta ƙare.

Oga Mai Wayarin:
Wannan karon ka kusa gaskiya, amma da waɗanne batira? Tsoho da sabo, 200 da 220, a siris ɗaya zai cika ya bar ɗaya. A faralel ɗin ma tsohon yana jan sabon ƙasa. Kuma ko an gyara waya, lissafin bai fita ba. Batiran biyu a takarda sun kai wat-awa 5000, wato bolt sau Ah, rabi ake ci in ana so su daɗe, 2500 ke nan, in tsohon yana da lafiya. Firiza mai daskarar da ruwa kusan ba ta hutawa, awa 12 na dare wat-awa 1800. Fanka biyu masu wat 70 awa goma, 1400. Ya haura 3000. Fanel na wat 600 kuma a rana mai kyau da kyar ya ba da 2500, firiza na ci daga ciki tun da rana. Batiran nan ba sa cika, shi ya kashe na farkon. Batir na uku asarar kuɗi ne, fanel take buƙata.

Ummu Sultan:
Ni fa na ce jabu ne, ku gwada batirin ku gani. Ko ki sayar da komai ki sayi firiza mai sola kai tsaye, maƙwabciyata ita take amfani da ita.

Maman Hanifa:
Na gode duka, Allah ya saka da alheri. Amma Oga, wata shida na farko da batir ɗaya da fanel ɗin nan biyu ƙanƙara tana yi, don haka ban ga laifin fanel ba. Ƙanena kuma ba zan kira wani ya duba aikinsa ba, zai ji babu daɗi, kyauta ya yi min. Na tura masa bayanin, ya ce zai ninka wayar biyu ta zama 8mm. Gugar zan rage. Siton babu taga amma ƙofar ba ta rufuwa sosai.

Oga Mai Wayarin:
8mm ba 25 ba ce. A mai da bireka yau, a dawo da batiran kusa da inbata.

Ɗan Kwaleji:
Anti, wane irin kwantirola ne, wato na'urar da ke daidaita caji a tsakanin fanel da batir? Iri biyu ne, PWM ko MPPT. In PWM ne da fanel na wat 300 a kan batir mai bolt 12, kusan rabin wutar ma ba ta isowa.

Maman Hanifa:
Wani ɗan shuɗi ne ƙarami, rubutun jikinsa ya goge. Yanzu dai tsakani da Allah, in na kashe fankoki muka kwana a tsakar gida, firizar za ta kai jibi?

Hajiya Mai Atamfa:
Wai nawa ake sayar da 35mm ɗin nan mita ɗaya yanzu? Ni ma tawa tana ɗumi.