Gem ɗin da na saya da kuɗina ya ƙi buɗewa sai da sabis

Ɗan Mabera: Salamu alaikum jama'ar zaure, shawara nika biɗa. Wata ukku ina tara kuɗi nis sayi gem orijinal ga laftof. Shekaranjiya anka ɗauke wuta, sabis ma yab bi ta. Nic ce bari in rage dare da ɗan cajin da yar rage, sai gem yac ce sai na hau intanet an tantance ni. Ni kaɗai nika bugawa fa, ba da kowa ba! Abin haushi, ƙanen abokina da anka sa ma na sata shina ta bugawa ga tabarma kusa gare ni, har shina min dariya.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, ka haɗu da abin da suke kira DRM, makullin da ake sa wa gem don hana kwafa. Iri-iri ne. Wanda ya fi suna Denuvo, na wani kamfani a Ostiriya, tun 2014 ake amfani da shi, FIFA 15 na cikin na farko. Ranar da ka fara buɗe gem sai ya duba kayan cikin kwamfutarka, ya karɓo izinin da ya dace da ita kaɗai. Izinin nan ba na dindindin ba ne. Windows ta sabunta kanta, ko ka canza wani abu a ciki, sai ya nemi sabo. Kuma kwamfuta 5 kawai yake yarda da su cikin awa 24. Wanda ya tsara abin yana ƙasar da ba a ɗauke wuta, bai yi lissafin Mabera ba.

Na Arkilla: To mi ah hanin a sauke na sata kowa ya huta?

Admin: Na Arkilla, ba a zauren ga ba. Bayan haƙƙin mutane, laftof nawa anka kawo shagona da ƙwayar cuta ta wannan hanya? Wani har akawun ɗinai na Facebook yat tafi.

Baban Ummi: Amma Admin a faɗi gaskiya, ƙorafin yaran yana da tushe. A 2021 Resident Evil Village na kwamfuta yana sarƙewa ga waɗanda suka biya, wanda aka fasa kuma yana gudu sumul, sai da Capcom, kamfanin da ya yi shi, ta fitar da gyara. Gem ɗin The Crew ya fi muni: Ubisoft, kamfanin da ya yi shi, ta rufe sabarsa, wato kwamfutar kamfanin da gem ɗin ba ya buɗewa sai ta ita, ƙarshen Maris 2024, har mai faifai a hannu ya zama ba shi da komai. Daga nan aka fara gangamin Stop Killing Games, na neman a daina kashe gem ɗin da mutane suka saya.

Malama ta Runjin Sambo: Ni shawarata GOG. Kantin 'yan Folan ne, babu makulli a kayansu. Ka biya, ka sauke fayil ɗin girkawa, ka ajiye a filasha, shi ke nan. Ko wata guda aka yi ba sabis zai buɗe. Can na sayi The Witcher 3, Cyberpunk 2077 ma yana nan. Sai dai kada ka je neman ƙwallo irin FIFA, babu. In ƙwallo ce ta kawo ka duniya, haƙuri za ka yi da makulli.

Admin: Masu sayen gem a kantin intanet na Steam, ku riƙa duba gefen dama na shafin gem kafin ku biya, suna rubuta in akwai makullin wani kamfani ko sai da intanet. Kuma duk gem ɗin da kas saya, buɗe shi sau ɗaya da sabis, sannan ka maida Steam yanayin rashin intanet tun da rana, kada ka jira sai dare ya yi. In bai yi maka ba, suna maida kuɗi muddin ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga awa 2 ba.

Maman Khalifa: Ina wuninku. Ni PS4 yarona ke da ita, wannan ya shafe mu?

Baban Ummi: Lafiya lau Hajiya. In faifai kike saya masa, yawancin na mutum ɗaya suna buɗewa ba intanet, ki dai karanta bayan kwalin. In kuma sauke masa ake yi, a tabbatar an sa na'urar a matsayin babbar na'urar akawun ɗinsa, in ba haka ba ranar da sabis ya tafi zai ga hoton kwaɗo a kan gem.

Ɗan Mabera: Awa 2 kam na wuce ta tun daren farko. Malama, Witcher ɗin gig nawa ne?

Malama ta Runjin Sambo: Ya haura 30. Kada ka gwada da datar rana.

Admin: Taho shago bayan Isha'i da filasha mai 64, akwai sola. Amma ka saya da akawun ɗinka, ba na Malama za mu kwafa maka ba.