Shawarwari ga mai jiran jikan fari

Da aka tattauna shawarwarin da za a ba mai jiran jikan fari, matan da suka riga suka ga jikoki sun fi jan magana a kan gyaran ɗaki. Mafi yawansu sun ce ɗakin na 'yarki ne ko na surukarki, don haka ki tambaya kafin ki sauya labule ko ki juya gado, ko da ke kika yi jeren ranar biki. In za a yi fenti, a gama tun cikin yana wata 7 don warin ya fita, kuma a ɗaura gidan sauro kafin a sayi kayan ƙawa.

Wankan jego ne ya raba kawuna. Wasu sun nace sai an cika kwana 40 da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya. Ungozomar da ke cikinsu ta tunatar cewa likitoci a Zariya sun daɗe suna cewa wannan zafin da yawan shan kunun kanwa suna da alaƙa da ciwon zuciya bayan haihuwa. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, kuma a ganina ita ke da gaskiya. Jariri nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba zuma. Ragon suna kuwa a bar wa uba.