Kalmar persistent: naci ko dagewa?

Muhawara ta kaure tsakaninmu masu koyon Turanci kan wannan kalma, ga abin da na tsinta.

Asalinta Latin ne, daga persistere, wato tsayawa daram. Shi ya sa mafi yawanmu suka fassara ta da dagewa. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa sau 2 ya koma ya sake zama, idan aka ce masa persistent, yabo ne.

Sai wata ta ja hankalinmu cewa kalmar fuska biyu gare ta. Mai talla da ya yi ta buga maka waya bayan ka ce ba ka so, shi ma da ita ake kiransa, kuma nan ba yabo ba ne, naci ne tsagwaronsa. Ni dai naci ya fi kwanta mini, domin shi ma haka yake a Hausa, ya kan zama ado, ya kan zama abin gundura.

An kuma tunatar da mu ba mutum kaɗai take siffantawa ba. Tarin da ya ƙi warkewa, ruwan sama da ya wuni yana zuba, duk persistent ne. Kada dai a haɗa ta da stubborn, wannan taurin kai ne. In za a ambaci aikin da aka dage a kai, sai a sa kalmar Turanci "in" a bayan persistent.