Masu kwaikwayon Dire Straits: ɓarayi ne ko magada?

Ɗan Direba:
Assalamu alaikum jama'a. Marigayi mahaifina direban babbar mota ne, duk Alhamis yana lodin shanu a kasuwar Maigatari ya yi Kudu. Cikin kayan da ya bari akwai kwalin kaset: na Shata, na Ɗan Maraya, sai wani guda ɗaya da takardarsa ta koɗe, na Dire Straits, wata ƙungiyar mawaƙan Turawa. Ko kalma ɗaya ba na ji a lokacin, amma jitar jagoransu Mark Knopfler a waƙar Sultans of Swing sai ka rantse magana take yi.

Shekaran jiya na sa data, na hau tudun bayan firamarenmu inda sabis ke kamawa, na sauke bidiyonsu. Sai da na dawo gida na zauna a tabarma na lura ashe ba su ba ne! Wasu ne daban, mai jitar har da ɗaura ƙyalle a goshi irin nasa, jama'a kuwa cike da zaure suna tafi. Datata ta tafi a banza. Don Allah wannan ba cin gumin wani ba ne?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Ba sata ba ce, sana'a ce sananniya a can. A Landan aka kafa Dire Straits a 1977, suka watse a 1995, Knopfler kuma ya kama waƙa shi kaɗai, bai yarda an sake haɗuwa ba. To wanda aka haifa bayan nan ina zai ji waƙoƙin ana kaɗa su a gabansa? Masu kwaikwayon ba sa ɓoye kansu, kuma wuraren wasan kan biya kuɗin haƙƙin mallaka da ke isa ga mai waƙar. Wata ƙungiyar ma, The Dire Straits Experience, har da Chris White a ciki, wanda ya yi wa na asalin busa.

Mai Cajin Waya:
Baba Hedimasta ya gama magana. Mu nan tun rasuwar Shata a 1999, wane biki ne ba a samun mai kalangu da 'yan amshi suna jan waƙoƙinsa? Wa ya taɓa kiransu ɓarayi? Liƙi ma ake musu. Amma Ɗan Direba, koma ka kalli hannun daman mai jitar. Knopfler da yatsunsa yake tsinkar tsirkiya, ba da ɗan robar nan da masu jita ke kaɗawa da shi ba. In ka ga roba, ƙyallen kawai suka gada.

Baƙon Damagaram:
Ni dai ban cika son su ba, gaskiya. Bombino na Agadas ya koyi jita yana kallon bidiyon Knopfler da Jimi Hendrix, amma da ya tashi da Buzanci ya yi waƙa, da kiɗan gidansu. Wannan ya fi mini wanda zai tsufa cikin rigar aro.

Ɗan Direba:
Na gode Baba. Na koma na duba, da yatsu yake kaɗawa, don haka ban goge bidiyon ba. Yanzu kuma wa ya san mai gyaran rediyon kaset tsakanin Gumel da Maigatari? Tamu ta fara cin zare, ina tsoron saka na Baba a ciki.